Rabo Ya Dawo da Sa Ɗaya

Tudun Marke, ta 'Yargoje
17 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Gide, likitan awaki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Hajiya da yara, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Mu nan da sauƙi. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum. Gero ya yi kyau a inda aka samu aka noma, sai dai ana yankansa ne ido na kan hanya.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Tunda aka yanke layin waya a ƙasarmu da taku, wayata ta koma fitila, sai na tuna ashe na iya riƙe biro. Yahya direba ya ce yana kaiwa Funtuwa, can kuma akwai mai motar Sabuwa da ya san ofishinka. In ka manta da ni, ni ce jikar Hajiya Bilki ƙanwar kakanka, wadda ta zuba maka barkono a fura ranar bikin Shamsu a Mairuwa. Wasan taubasai na iyayenmu muka gada, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Ƙanena Rabo ya dawo. Ka dai ji a farkon damina mutanen daji sun ɗauke shi a gona shi da shanun huɗarsa biyu, yana kan garma. Wata uku ba mu ji komai ba, ko lokacin da waya ke aiki ba su kira ba, har matarsa ta kwashi yara ta koma gidansu a Ƙanƙara. Ranar Litinin da hantsi mata suna sussuka a bakin gari, sai ga sa ya fito daga cikin dawa, ga mutum a bayansa riƙe da wutsiyarsa. Bahago ne, san da ake ɗaurawa ta hagu a karkiya. Ɗayan bai dawo ba. San aka fara ganewa kafin a gane Rabo, wannan kuwa ya tsaya mini a rai.

Yaya, jikinsa ya dawo, ban san sauran ba. Har yau bai ce wa kowa komai ba. Inna ta rungume shi tana kuka, ya tsaya ƙiƙam yana kallon bayanta. Muka gyara masa ɗaki, ya fita ya shimfiɗa buhu a gindin turke, nan yake wuni kafaɗarsa jingine da cikin Bahago. In na kai tuwo ba ya taɓawa sai na juya baya, sannan ya ja kwanon ya rufe shi da jikinsa ya cinye da sauri. Akwai shatin igiya a wuyansa da idon sawunsa, ya warke ya yi fari. In an ɗaga hannu kusa da shi, ko ƙuda za a kora, sai ya sunkuyar da kai ya runtse ido. Salla kam yana yi, amma rana yake dubawa, ba ya bin kiran ladan, ba ya kuma shiga sahu.

Mutane sun zo barka kwana biyu, daga nan zuwan ya koma kallo. Jiya a rijiya na ji wata tana cewa ai Rabo ya tashi daga mutum, shanu biyu Inna ke kiwo yanzu. Aka yi dariya. Na ajiye guga na gaya mata abin da ba zan rubuta ba. Amma da na dawo gida na leƙa turke na gan su su biyu sun kafa wa wuri ɗaya ido, sai gabana ya faɗi.

Abin da ya sa na rubuto maka ke nan. Asibiti ba ya yiwuwa yanzu, don ba ya yarda ya yi nesa da san, an kuma hana ɗaukar shanu a mota. Kai ka yi shekara ashirin kana duba marasa lafiyar da ba sa magana. Dabbar da aka daka har take tsoron hannu, me kuke yi mata? Kuma ka gaya mini gaskiya ko ba daɗi, ƙanena yana nan a cikin jikin nan?

Inna tana gaishe ka, ta ce rabonta da ganinka tun kana da gashi.

Taubashiyarka,
Suwaibatu


Sabuwa
24 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Suwaibatu mai barkono,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso jiya. Muna lafiya, sai ƙaramin ɗana da ya yi zazzaɓi, ya kuma tashi. Ki yi wa Inna barka, ki ce mata gashin ya tafi ne wajen neman ilimi. Ban manta da ke ba, harshena ma bai manta ba.

Tunda aka rufe kasuwar dabbobi zaune nake a ofis ni da ƙudaje, saboda haka na karanta tambayarki sau uku. Ga amsar ta farko. Kada a ɗaga hannu a gabansa. A zo masa ta gefe, murya ƙasa ƙasa. A ba shi abinci a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, daga hannun mutum ɗaya. Kada a raba shi da san ko da wasa. Wannan shi ne abin da nake gaya wa mai jakin da aka zalunta, kuma na ji kunya da na ga shi zan rubuta miki a kan Rabo. Na daɗe ina neman wata shawara dabam da ta dace da ɗan Adam, ban samu ba.

Lokacin da na fara aikin nan ina ganin akwai katanga tsakaninmu da su, doguwa kuwa. Yanzu in an ce in nuna inda take, sai in yi ta lalube. Shekarun baya an kira ni wata ruga a bayan garin nan, saniya ta rasa maraƙinta ta hana nono. Kafin in isa sun yi dabararsu, sun feɗe maraƙin, sun cusa ciyawa a fatar, sun kafa mata a gaba. Ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta fara lasa, nono ya zo. Mai shanun ya yi dariya ya ce dabba ba ta da wayo. Ni kuwa ina tsaye ta wajen idonta, kuma har gobe ina jin ta sani. Ta duba ta ga babu wani, sai ta karɓi abin da aka ba ta. Mahaifiyata ta ajiye hular wana a ƙarƙashin matashinta shekara tara bayan rasuwarsa, ba wanda ya ce ba ta da wayo.

In aka ce magana ce ta raba mu da su, ga bebe, ba wanda ke kai shi turke. In aka ce tsoro da ƙauna da ƙwafa ne, duk na gan su a garke. A nan kullum sai an ce mutanen daji dabbobi ne, ni kuwa ban yarda ba, ba don ina kare su ba. Wasunsu na yi wa shanunsu allura, na san iyayensu, na sha furarsu. A duk shekarun nan ban taɓa ganin akuya ta ɗaure akuya ba. Igiyar da ta bar shati a wuyan Rabo, hannu mai yatsa biyar ne ya tufka ta, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan a ce kura ce ta yi.

Amsa ta biyu, ki riƙe ta da kyau. Rabo yana cikin hankalinsa. Wanda ya fito daga dajin nan da ƙafarsa, da sa a hannu, ba tare da an je karɓo shi ba, ya san hanya, ya san abin da yake yi, ya kuma san abubuwan da bai faɗa ba. Shirunsa ajiya ce, ranar da ya ga dama zai buɗe. Duk wadda ta ƙara ce miki ya tashi daga mutum, ki ce mata likita ya ce ƙarya take yi.

Naki,
Gide


Tudun Marke
9 ga Oktoba, 2021

Yaya Gide,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Mu muna raye, ni da Inna da Rabo. Ba kowa ne zai rubuta haka a garin nan ba.

Na bi shawararka, ta kuma yi aiki, har ya fara karɓar kwano daga hannuna. Amma akwai abin da na yi wanda ba ka sa ni ba. Takardarka ta yi mini daɗi, sai na ɗauke ta na tafi rijiya na karanta wa matan nan ƙarshenta har sau biyu. Da aka yi suna a gidan Baba Audi mai unguwa na ƙara karantawa a tsakar gida. Na ce likita ne ya rubuto daga Sabuwa, ban ce likitan awaki ba. Ina so in ga sun rufe baki, suka kuwa rufe, na dawo gida ina jin kaina.

Ranar Talata bayan azahar ina tankaɗe, sai na ga Rabo ya miƙe ya kwance Bahago. Ya shiga ɗakin Inna, wanda bai taɓa shiga ba tun dawowarsa, ya fito da ita goye a bayansa. Ya dube ni sau ɗaya ya yi gabas, wajen duwatsun bayan gari. Na bi shi ina kiran sunansa. Ka san yadda muka koma, in ka ga wani na sauri ba ka tsayawa tambaya, saboda haka matan gida shida ko bakwai suka kwaso yara suka biyo mu. Muka zauna a cikin duwatsu ba mu ji komai ba sai kukan kurciya. Wasu suka fara tsaki, suka ce mahaukaci ya kwaso su, suka koma don sun bar tukunya a wuta. Ba su daɗe da tafiya ba muka ji baburan mutanen daji.

Sun kashe mutum uku, sun tafi da goma sha ɗaya. Cikin waɗanda aka kashe akwai Abdulganiyu, ƙanen Harisu shugaban 'yan sa-kai na garinmu. Cikin waɗanda aka tafi da su akwai matar Harisun, tana ɗaya daga cikin masu komawa tukunya.

Ba a gama rufe gawa ba tambaya ta fara yawo, wai yaya aka yi Rabo ya sani. Washegari Harisu ya zo zauren Baba Audi da mutanensa, ni ina daga soron ciki tare da matan gidan. Baba Audi ya yi ta ba su haƙuri, daga ƙarshe ya ce:

"Ku bar bawan Allah. Jaki ma yana jin hadari tun bai haɗo ba, wa ya taɓa tsare jaki ya tambaye shi wa ya gaya mashi? Wanga ba ya cikin hankalinshi."

Harisu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya san hanya, ya san abin da yake yi, ya san abin da bai faɗi ba. Ba ni na ce ba, Baba. Likitansu ya rubuto, yarshi ta karanta a cikin gidanka."

Matar Harisun ce ta kai masa tun ranar sunan, ba ta bar ko kalma ba. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Baba Audi ya ce a bar masa maganar a hannunsa tukuna, suka tashi ba wanda ya yi sallama.

Yaya, ka san abin da ake yi wa wanda aka ce yana kai wa mutanen daji rahoto. Abu ɗaya ne zai tsayar da su, su yarda ba shi da hankali, don ko a shari'a ba a kama mahaukaci da laifi. Ka rubuto wata takarda, ka ce ka sake tunani, ka ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ba ya bambanta dama da hagu. Ka buga hatimin ofishinka, nan hatimi ake dubawa, ba wanda zai karanta abin da ke jikinsa. Sati uku ina faɗa da duk wanda ya haɗa ƙanena da dabba, yau ga ni ina roƙon Allah su yarda. Ina jin tsoro ƙwarai.

Suwaibatu


Sabuwa
17 ga Oktoba, 2021

Suwaibatu,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da na hannunsu. Takardarki ta yi kwana bakwai a hanya, sai jiya na same ta. Mu lafiya lau, amma tun jiya ban iya cin abinci ba. Na rubuta kalmomin nan ne don in share miki hawaye, ban taɓa zaton za a karanta su da wani kunne ba.

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne da kika ce Baba Audi ya karɓi maganar a hannunsa. Dattijo in ya faɗi haka, ya sa rigarsa ya rufe mutum ke nan. Ba na jin za su tsallake shi. Fushi ne na makoki, zai sauka.

Game da takardar, ki yi haƙuri ki saurare ni. Hatimin da ke aljihun teburina abu biyu kawai ya iya faɗa, wannan ta isa yanka, wannan ba ta isa ba. Ban taɓa buga shi a kan sunan mutum ba. In na rubuta yau cewa Rabo ba shi da hankali, takardar za ta daɗe fiye da fushin Harisu. Da ita za a hana shi matarsa, da ita za a ƙi shaidarsa, da ita za a yi wa 'ya'yansa gori ranar neman aure. Mutanen daji sun mai da shi turke da igiya, ni kuma in ƙarasa musu da biro? Ban taɓa ganinsa ba tun dawowarsa, kuma abin da na sani game da shi akasin haka ne.

Akwai abin da nake ta juyawa a raina. Bahago ma ya tafi dajin, ya dawo, ya kuma bar gari kafin a shigo, amma ba wanda ya zarge shi. Ba a zargin dabba da cin amana, domin amana tsakaninmu take, mu kaɗai muke ba da ita, mu kaɗai muke cin ta. Saboda haka Harisu, duk da zafinsa, shi ne yake kallon Rabo a matsayin cikakken mutum, Baba Audi mai tausayi kuwa shi ya haɗa shi da jaki. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Ga shawarata. Ki fitar da shi daga garin. Ki kai shi Mairuwa gidan Gwaggo Amatullah, ni kuma zan zo can in ɗauke shi zuwa Funtuwa wajen likitan mutane na gaske. In shi ya duba ya rubuta, ba ruwan kowa da ƙarya.

Naki,
Gide


Tudun Marke
22 ga Oktoba, 2021

Yaya Gide,

Sallama. Muna nan.

Ka daɗe a ofis. Da Baba Audi ya ce maganar tana hannunsa, lokaci ya saya mana, ba riga ya rufa mana ba. Lokacin kuma ya kusa ƙarewa. An sa ranar Juma'a mai zuwa, ashirin da tara ga wata, bayan an sauko masallaci za su zo gidanmu su duba shi da idonsu.

Ka ce zargin Harisu girmamawa ce. To ka zo ka karɓi girman, mu ya ishe mu. Ka ce in kai shi Mairuwa. A wace mota, da sa? In kuwa na bi da su ta daji da ƙafa, duk wanda ya hange mu ya gama samun shaidar da yake nema. Kana tunanin auren 'ya'yansa, ni ina tunanin ko za su sami uban da za a yi musu gori da shi.

Bari in gaya maka abin da na yi tunda kai hannunka ya fi ƙarfin ƙarya. Na yaga rigarsa, na shafa masa toka a kai, na daina share inda yake kwana. Jiya na ɗauko igiya na durƙusa a gabansa na ce, "Rabo, ko me suka yi, ko me suka ce, kada ka yi magana. Ka ji ni?" Ya dube ni, sai ya miƙo ƙafar da kansa, ya juya ta yadda ƙullin zai zauna daidai a kan tsohon shatin. Na ɗaure ƙanena a turke ɗaya da sa, na shige ɗaki.

Ni na yi nawa. Ka aiko da takardar.

Suwaibatu


Funtuwa
26 ga Oktoba, 2021

Suwaibatu,

Wa alaikumus salam. Ga ta nan a ciki, na ninke ta biyu. Na rubuta duk abin da kika ce, na ƙara da abin da ba ki ce ba, na buga hatimi, na sa hannu. Ki yafe mini. Na zauna a kan kujera ina auna kalmomi, ke kina can da igiya a hannu.

Na kawo ta Funtuwa da kaina. Yahya ya ce an rufe hanya daga Mairuwa tun shekaranjiya, motoci suna jere a bakin gari, amma ya yi rantsuwa da an buɗe shi ne na farko. Na so in biyo shi, ya ce baƙon fuska a garinku yanzu ƙarin laifi ne a kanku. Ki nuna wa Baba Audi tun kafin Juma'a. Allah ya tsare.

Gide


Tudun Marke
1 ga Nuwamba, 2021

Yaya Gide,

Assalamu alaikum. Ina gaida Hajiya da yara. Inna ba ta tashi daga kwance ba tun Juma'a. Takardarka ta iso jiya Lahadi. Na gode, na ga hatimin, ya fito sosai.

Sun zo kamar yadda suka ce, Baba Audi a gaba da sandarsa, Harisu da mutum biyar a baya, sauran gari a kan katanga. Rabo yana zaune a turke cikin toka, kansa a ƙasa. Suka kira sunansa, shiru. Suka yi masa tsawa, suka harba bindiga sama, ya dai ƙanƙame jikinsa. Wani ya zuba masa dusa a ƙasa ya ce ya ci, ya kuwa ɗiba ya kai baki. Ina tsaye ina kallo, zuciyata tana tsagewa, kuma ina murna. Baba Audi ya juya ya ce to kowa ya gani, a tafi. Wallahi har wasu sun fara sauka daga katanga.

Sai Harisu ya ce ya yarda, mahaukaci ne. Amma san nan ya ci ciyawar mutanen daji wata uku, ba zai ƙara kwana a garin nan ba, a yanka shi sadaka ga waɗanda suka rasu, ai mahaukaci ba ruwansa. Baba Audi ya ga sa ne kawai, ya ce a yi. Suka kayar da Bahago, suka haɗa ƙafafunsa suka ɗaure, suka juya wuyansa gabas. Wani ya fara wasa wuƙa a bakin turmi.

Na ji an yi sallama a bayana. Na ɗauka baƙo ne.

Rabo ne a tsaye, igiya a ƙafa. Ya gaida Baba Audi, ya tambaye shi ƙafarsa. Ya juya ya yi wa Harisu ta'aziyya, ya ce tare suka yi kiwo da Abdulganiyu suna yara. Muryarsa ta dushe, amma ba kalmar da ta karkace. Sannan ya ce:

"Ku tashe shi, bai yi komai ba. Can daji turke guda aka ɗaure mu. Duk sanda babura za su dawo sai an dake mu, ni da shi, to shi yana jin su tun kunnen mutum bai kai ba. Sai ya bar tuƙa, ya miƙe kunnuwa, ya riƙa taka ƙafar baya, in ka ba shi ruwa ya ƙi. Ran Talata haka ya yi, na gani, na ɗauki Inna. Ranar da jirgin sojoji ya zo kowa ya watse, shi ya tsinke igiya, ni na kama bindinshi. Ban san hanya ba. Shi ya kawo ni gida."

Harisu ya matso ya tambaye shi, tunda ya gani, me ya hana shi faɗa wa gari. Rabo ya ce ya buɗe baki ranar, maganar ta ƙi fitowa.

Harisu ya ce, "Don sa ta fito. Don Abdulganiyu ba ta fito ba." Hawaye yake yi sosai, ban taɓa ganin namiji yana irinsa a tsaye ba. Ya juya ya ce da Baba Audi, "Baba, ka ji mahaukacinka."

Suka kwance Bahago, da igiyar suka ɗaure hannun Rabo. Suka ce Ƙanƙara za su kai shi wajen hukuma. Na riƙe rigar Harisu, na faɗi ƙasa, na ce laifina ne, ni na karanta takarda, ni na shafa toka. Aka janye ni. Rabo bai yi gardama ba, ya dai tsaya sai da ya ga san ya miƙe a kan ƙafafunsa, sannan ya ce mini in riƙa jiƙa masa dusa, haƙoransa sun lalace. Ba su bi titi ba, hanyar rafi suka bi. Kafin a kira la'asar su shida sun dawo babu Rabo, suna wanke ƙafa a bakin masallaci. Ka san nisan Ƙanƙara da ƙafa. Na je wajen Baba Audi sau uku, ba ya ɗaga ido ya dube ni, ba wanda kuma ya ce mini ga inda zan je in yi addu'a.

Ka tambayi inda katangar take. Ni ban sani ba, Yaya. Na dai ga ƙanena ya tsira muddin yana cin dusa a ƙasa, ya kuma halaka da ya miƙe ya yi sallama. Ba na jin haushinka yanzu, ba ni da ƙarfinsa.

A bakin turke nake rubuta wannan, Yahya yana jira a ƙofar gida. Tun ɗazu Bahago ya bar tuƙa. Kunnuwansa suna yamma, yana ta taka ƙafar baya, na kawo masa ruwa ya kawar da kai. Mutane duk suna masussuka da yaransu, ba wanda ya lura sai ni. Na ce wa Yahya ya tayar da mota, ya ɗauki Inna ya sauke ta a Mairuwa. Ni zan fita in yi ihu, tawa muryar tana fita. In an wayi gari ana tambayar yadda aka yi na sani, amsar tana hannunka a rubuce. Ka ajiye takardar nan.

Suwaibatu